Shafin da ake rubutawa a daren ƙarshe

Ɗan yayata yana karatun babbar difloma a wata makarantar fasaha a nan Legas. A makon da ya wuce ya zo mini gida a Agege bayan sallar isha'i, riƙe da kundin bincikensa na kammala karatu, wanda su ɗalibai suke kira furojet, domin in duba masa kafin a kai a yi masa bango. Babi biyar ɗin da ya rubuta ba su da laifi sosai, don da gani ya sha rana wajen tattara bayanansa. Da na dawo shafukan farko, wato inda ake sa sadaukarwa da godiya kafin a kai ga tsakure, wato taƙaitaccen bayanin binciken, da ƙumshiya, sai na tarar da shafi biyu da rabi na godiya cikin Turanci mai kumbura, kuma a sakin layi na uku marubucin yana gode wa mijinsa abin ƙaunarsa saboda haƙurin da ya yi da kula da yara a tsawon karatun.

Na ce masa, "Kai, yaushe aka ɗaura maka aure da miji ba a gayyace mu ba?"

Ya karɓi takardar ya duba, ya rufe baki da hannu, sannan ya ce, "Wallahi Kawu, a shagon buga takardu aka ba ni. Sun ce kowa shi yake ɗauka, sunaye kawai ake canzawa."

Mun yi dariya har mai ɗakina ta leƙo ta tambayi abin da ya faru, amma bayan ya tafi na daɗe ina juya lamarin, domin ni ma na taɓa yin abin da ya fi nasa muni, duk da cewa da hannuna na rubuta nawa. Shafin godiya shi ne abin da yawancinmu muke bari sai daren ƙarshe, lokacin da ido ya yi nauyi, mai shago yana cewa man janareta ya kusa ƙarewa, washegari kuma ita ce ranar ƙarshe ta miƙa aiki. Alhali shi ne shafin da 'yan uwa za su fara buɗewa, kuma a gidaje da yawa shi kaɗai za a karanta a cikin kundin gaba ɗaya.

Binciken da na yi na digiri na biyu ya shafi asarar da ake yi ta tumatir tsakanin gonakin Arewa da kasuwar Mile 12, wadda take kan hanyar Ikorodu bayan an wuce Ketu. Wanda ya san kasuwar ya san cewa baƙo da littafi da biro ba ya samun amsa a wurin, domin kowa zai ɗauka ko ma'aikacin haraji ne ko ɗan leƙen asirin wani ɓangare. Na yi kwana uku ina zagayawa ba wanda ya ba ni amsar da ta wuce "sai dai ka tambayi shugabanni". Wani dattijo dillali, mutumin wajen Kura ta jihar Kano, shi ya tausaya mini. Ya zaunar da ni a kan bencinsa, ya sa aka kawo mini shayi, ya ce, "Ɗana, ajiye wannan takardar tukuna, ka zo gobe da asuba ka ga yadda ake sauke kaya, sannan ka san abin da za ka tambaya." Wata huɗu na yi ina bin sa. Shi ya nuna mini yadda ake gane kwandon da aka danne a ƙasan tirela tun daga Kadawa, yadda ruwan tumatir yake tsiyayowa ta gindinsa tun kafin a buɗe, da yadda ake ware wanda ya fashe a sayar da shi da araha ga masu dafa abinci. Shi ya haɗa ni da direbobi da masu dako. Akwai kuma wata Bayarabiya mai sarin kaya da ta tashi a cikin Hausawan Agege, wadda ta riƙa yi mini tafinta da matan da suke saye su kai ƙananan kasuwanni, ba ta taɓa karɓar ko kwabo ba.

Da na zo rubuta godiya, na jera manyan mutane tara, kowanne da laƙabinsa biyu ko uku a gaban suna, har da wani Alhaji da bai san ma a kan me nake bincike ba, iyakarsa ya taɓa yi mini alkawarin taimako da bai cika ba, ni kuma ina hangen wata rana zan buƙace shi. Dattijon da matar nan da direbobin duk na tattara su a jimla ɗaya: "da sauran waɗanda ban samu damar ambaton sunayensu ba". Mai ɗakina ma a cikin wannan jimlar ta tsinci kanta, kuma ta karanta ba ta ce komai ba, sai bayan shekara biyu ta tuna mini a cikin wata magana daban. Abin da na rubuta roƙo ne irin na maroƙa, wanda ake wasa mai hali domin abin da ake sa rai zai bayar, na dai sa masa rigar ilimi ne kawai.

Tun daga lokacin na tsayar wa kaina ƙa'ida ɗaya, kuma ita na ba ɗan yayata: duk wanda za ka ambata, ka faɗi abin da ya yi a cikin aikin. Idan ka rubuta sunan mutum ka rasa abin da za ka ɗora a bayansa in ban da "goyon baya da ƙarfafa gwiwa", to ka sake tunani ko wurinsa ke nan. Jimlar da ta ce malamar da ta duba aikin ta sa an sake babi na uku sau biyu har hanyar binciken ta tsaya da ƙafarta ta fi layi biyar na kirari daraja, ga malamar da kuma ga mai karatu, domin mai karatu ya ƙaru da sanin yadda aikin ya samu. Haka ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje da ya tsaya bayan an tashi aiki, da ma'aikaciyar laburare da ta nemo wani tsohon rahoto da ba ya cikin kundin sunayen littattafai, da abokin karatun da ya koya maka amfani da manhajar lissafi. Mun taso muna jin hadisin da ya ce wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba, sai dai a aikace mukan karkatar da godiyar zuwa ga masu manyan riguna, mu bar waɗanda suka yi gumi.

Wannan ƙa'ida ba ni na ƙirƙiro ta ba. Kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya, wanda ake taƙaita sunansa da ICMJE, ya samo asali ne daga wani zama da wasu editoci suka yi a birnin Bankuba na ƙasar Kanada a 1978, kuma shawarwarinsa sun zama abin bi ga mujallu masu yawa har a wajen fannin lafiya. Kwamitin ya gindaya sharuɗɗa huɗu da sai mutum ya cika su duka kafin a sa shi a jerin marubuta: ya ba da gudummawa mai tsoka wajen tsara binciken ko tattara bayanai ko nazarinsu, ya sa hannu a rubutun ko ya yi masa gyara na ilimi, ya amince da kwafin ƙarshe da za a buga, kuma ya yarda a tuhume shi a kan ingancin aikin. Wanda ya taimaka amma bai cika waɗannan ba, wurinsa shafin godiya ne, tare da bayanin irin taimakon da ya yi. Kwamitin ya ma ba da misalan abubuwan da su kaɗai ba sa mayar da mutum marubuci, kamar samo kuɗin bincike, ko shugabantar sashen da aka yi aikin, ko gyaran harshe da duba kurakuran bugu. Duk wanda ya yi aiki a jami'o'inmu ya san yadda ake juya wannan tsari: a sa sunan babba a jerin marubuta don girmamawa ko don tsoro, a tura ƙaramin da ya yi rabin aikin zuwa shafin godiya. Na farkon ya samu abin da zai ƙirga wajen ƙarin girma, na biyun kuma ya tashi da "Allah ya saka da alheri". Saboda irin wannan ne mujallu da yawa yanzu suke amfani da wani tsari mai suna CRediT, wanda ya karkasa gudummawar bincike gida 14, kowane mai suna a takardar sai an nuna gidan da ya yi aiki a ciki.

Akwai wani abu a shawarwarin kwamitin da ya ba ni mamaki ranar da na fara ganinsa, wato cewa a nemi izinin mutum a rubuce kafin a ambace shi a godiya. Da farko na ga kamar wannan baƙon hali ne, domin a wurinmu wa zai ƙi a gode masa? Dalilin da suka bayar kuwa mai ƙarfi ne: ganin sunan masani a shafin godiya yakan sa mai karatu ya ɗauka cewa masanin ya amince da sakamakon binciken. Ɗalibi zai iya tsayar da farfesa a bakin ofis ya yi masa tambaya ta minti biyar, sannan ya rubuta cewa farfesan ya ba da shawarwari masu muhimmanci, alhali da farfesan ya ga abin da aka kammala da shi da ya yi tir. Shi ya sa marubuta masu hankali suke ƙarawa da cewa duk kuskuren da ya rage a cikin aikin nasu ne su kaɗai.

A irin binciken da na yi, neman izinin yana da wani dalili da ya fi wannan nauyi. Direbobin da na zanta da su sun gaya mini dalla-dalla irin kuɗin da ake karɓa a hannunsu a shingayen hanya daga Arewa zuwa Legas, kuma sun faɗa ne bayan na yi musu alkawarin cewa ba za a san su ba. Maganar ba ƙarama ba ce, domin tana cikin koke-koken da suka sa dillalan kayan abinci da dabbobi suka dakatar da kawo kaya Kudu a ƙarshen Fabrairun 2021. A cikin kundin na sakaya sunayensu da lambobi. Da a ce na zo shafin godiya na jero su da sunayensu da tashar da suke lodi, da na warware da hannun hagu abin da na ƙulla da hannun dama. Na ga ɗalibai sun yi haka da zuciya ɗaya, musamman masu binciken lafiya, inda za a ɓoye sunan majiyyaci a babi na huɗu sannan a gode masa da cikakken suna a shafi na biyar. Tun watan Yunin 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane, ga kuma ƙa'idojin kwamitocin ɗa'ar bincike da suka riga ta, amma ko ba doka alkawari kaya ne. Hanyar da ta fi tsafta ita ce a gode musu a dunƙule da sifarsu, a ce direbobin da suke jigilar kayan gwari zuwa Mile 12, waɗanda suka ba da lokacinsu da amanarsu. Wannan ya sha bamban da "da sauransu" da na yi, domin an faɗi su waye da abin da suka bayar, sunan kawai aka rufe. Wanda kuma ya ce yana so a ambace shi, kuma babu cutarwa a ciki, sai a ambace shi yadda yake so a kira shi.

Game da jerin waɗanda ake fara ambata, abin ya danganta da irin takardar. A kundin digiri na jami'o'in ƙasar nan, Musulmi da Kirista duk da godiya ga Allah suke buɗewa, kuma ban taɓa jin mai jarrabawa ya hana ba. Mu kam abin ya yi daidai da gadonmu, don malamanmu na da ba sa fara littafi ko waƙa sai da bisimilla da salati, kuma sukan rufe da hamdala. Daga nan sai malamin da ya duba aikin, sai sauran malaman sashe da ma'aikata, sai waɗanda suka ba da kuɗi ko kayan aiki, sai mutanen da aka yi binciken a cikinsu, iyali kuma su zo a ƙarshe. Makala a mujalla ba ta ɗaukar wannan duka, layi uku ko huɗu ne, kuma ba a saba sa iyaye ko addu'a a ciki ba. Rahoton ofis ko na kamfani shi ma da sunan ma'aikata ake magana, don haka sassa da hukumomin da suka ba da bayanai ake gode wa, ba matar manaja ba. Ɗaliban da suke zuwa sanin makamar aiki a ƙarƙashin shirin SIWES, wanda asusun horar da ma'aikatan masana'antu na ITF ya ƙirƙiro a 1973, su ne suka fi cakuɗa waɗannan, inda za ka ga rahoton wata shida a masana'antar Ikeja ko Apapa ya gode wa dangi kaf amma ya manta da injiniyan da ya tsaya a kan ɗalibin kullum.

Maganar kuɗi ita ce wurin da ba a son kara. Idan asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund ko asusun bunƙasa fasahar man fetur na PTDF ko wata gidauniya ce ta ɗauki nauyin karatun ko binciken, sai a rubuta sunanta cikakke da lambar tallafin yadda take a takardar da aka ba ka, kuma sau da yawa masu ba da tallafin suna da lafazin da suke so a yi amfani da shi, don haka a koma ga yarjejeniyar a duba. Faɗin wanda ya biya haƙƙin mai karatu ne, domin wanda yake karanta rahoto a kan ingancin wani taki ya kamata ya san ko kamfanin takin ne ya ba da kuɗin binciken. Irin wannan bayyanawa ta shafi sabbin manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT. Tun 2023 kwamitin editocin nan ya ce ba za a sa su a jerin marubuta ba, tunda ba za a iya tuhumarsu a kan abin da suka rubuta ba, kuma wanda ya yi amfani da su dole ya faɗa. Ɗan yayata ya yi shiru da na kawo wannan, ni ma ban matsa ba a daren.

Sai kuma rubuta sunaye daidai, wanda a Legas yake da wahalarsa ta musamman. Yawancin malaman da suke duba ayyukan 'ya'yanmu a nan Yarabawa ne ko Ibo, kuma kunnen Bahaushe yakan ji sunan ya rubuta shi yadda ya ji. Rubutun Yarabanci yana da ɗigo a ƙarƙashin wasu haruffa da alamomin karin sauti a samansu, kuma akwai malaman da suke kula da wannan ƙwarai a sunayensu. Abin da ya fi sauƙi shi ne a duba yadda malamin yake rubuta sunansa a makalolinsa ko a ƙofar ofishinsa, a kwafa harafi da harafi, a kuma tabbatar da muƙaminsa na yanzu, domin kiran wanda ya zama farfesa da dakta ba ƙaramin abin kunya ba ne a ranar kare kundi. Mu ma namu haruffan masu lanƙwasa haka suke shan wahala a shagunan buga takardu na Yaba da Ojo, inda Ɗanja take komawa Danja, ko kuma harafin ya ɓace a bar ɗan akwati a wurinsa. A duba bayan an buga, kafin a yi bango. Laƙabi ɗaya ya isa kowa, kuma idan an fara sa wa wasu to a sa wa kowa, kada a yi wa mai kuɗi Alhaji Dakta Cif a kira dattijon kasuwa da sunansa tsirara.

Sashen iyali shi ne inda alkunyarmu take shiga tsakani. Mace da yawa ba ta iya faɗin sunan mijinta, uba yakan kauce wa sunan ɗan fari, namiji kuma yana jin nauyin yabon matarsa a takardar da surukai za su gani. Ina ganin wannan ne rabin dalilin da ya sa na tura mai ɗakina cikin "da sauransu", ɗaya rabin kuma sakaci ne. Amma harshen ya ba mu mafita, tunda ana iya cewa maigidana ko mai ɗakina ko mahaifiyata ba tare da an kama suna ba, a kuma faɗi abin da suka yi a jimla ɗaya mai nutsuwa. Wanda ya rasu a yi masa addu'a a taƙaice. Abokai ashirin na unguwa da na dandalin WhatsApp ba dole sai sun shiga kundi ba, ana iya kiran su walima.

Ɗan yayata ya dawo bayan kwana biyu da shafi ɗaya da bai ma cika ba. Ya gode wa malaminsa saboda ya hana shi canza batu a tsakiyar zango, ya gode wa wani makaniken janareta a Idi-Araba da ya bar shi ya yi awo a kan injuna goma sha biyu a shagonsa, bayan ya je ya tambaye shi ko ya yarda a sa sunansa, ya gode wa mahaifiyarsa da ta sayar da tumakinta biyu aka biya kuɗin zangon ƙarshe. Ni ya sa ni a layi na biyu daga ƙasa, a matsayin kawun da ya duba rubutun ya raba shi da miji. Na ce ya cire rabin jimlar na ƙarshe kafin malaminsa ya gani.

Nawa kundin kuwa yana nan a laburaren makarantar yadda na rubuta shi, ba ya gyaruwa. Da na fitar da makala daga cikinsa bayan wasu shekaru, na koma Mile 12 na nemi dattijon, na same shi a kan bencin nan ana sauke wata mota da ta kwana a hanya. Na ce, "Baba, ina so in sa sunanka a takardar da za a buga, in ka amince." Ya tambaye ni ko hukuma za ta gani, na ce kowa ma zai iya gani. Ya yi ɗan tunani ya ce in rubuta dillalan tumatir na Mile 12 kawai, don ba shi kaɗai ya koya mini ba, kuma ba ya son abokan sana'a su ce ya kai kansa gaba. Haka na rubuta, na kawo masa kwafi na fassara masa layin da Hausa, ya sa yaronsa ya ɗaura mini rabin kwando a bayan babur.